Wayar da ta Karye Cikin Rigarta

Motar babana ta girme ni,
ta girmi uwata da shekara uku.
Shuɗiya ce, Shabarole, ƙirar hamsin da huɗu,
rabin hanjinta na Rasha ne,
sauran aikin maƙeran Matanzas.

Ba ta taɓa mutuwa a ƙofar gida ba.
Sai mun hau tudun Monsarate da fasinja biyar
take ɗauke numfashi, tsit,
kamar wadda aka tambaya sunan da ya ɓace mata.
Mu zauna gindin mangwaro minti goma, sha biyar,
fasinja na fifita da kuɗin da ba su biya ba tukuna.
In murɗa mabuɗi, ta tashi garau,
ba kunya, ba bayani.

Hannun Baba Remberto na dama ya daina jin magana tun bara,
don haka ni ce hannunsa, shi ne kunnena.
"Odalis, zare wayar fulogi,
kusanta ta da ƙarfe, bar tazarar farce."
Na kusanta. Tartsatsi shuɗi, ƙas, ƙas, ƙas,
lafiyayye kamar mai shaidar zur.
Wa zai kama ɓarawon da ke zuwa gaisuwa da safe?

Mun sauya fulogi shida.
Mun kankare kontak da magogin farcen maƙwabciya.
Kondensa muka karɓo wurin Eleuteriyo a bakin kaji biyu.
Muka zargi kwayil, don yana zafi kamar tukunyar kofi,
na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ya ƙi,
na sayo na Lada da kuɗin takalmin ɗana.
Kwana huɗu tana tafiya kamar ta tuba.
Ran na biyar, tsakiyar gadar Yumuri,
tsit.

Daren nan aka ɗauke wutar unguwa.
Baba na zaune kan bokiti a gareji,
ya dube ni ya ce, "Mirta, kin ba yarinya abinci?"
Mirta shekararta tara a ƙasa.
Na ce na ba ta.
Can an jima ya ce, "Odalis, me kike jira?
Buɗe murfin distirbita."
Ya dawo garau,
ba kunya, ba bayani.

Tocila a bakina, sauro a wuyana,
na ɗaga murfin, na cire rota,
na ga wata 'yar waya, ba ta kai ɗan yatsa ba,
baƙa, sumul, ba tabo ko ɗaya.
Sau nawa idona ya wuce ta?
Na ja ta a hankali, sai ta miƙe kamar danƙo.
Rigar lafiya lau,
tagullar ciki ta daɗe da rabuwa biyu.
In inji ya huce, bakunan su taɓa juna, wuta ta wuce.
In zafi ya hau, faranti ya motsa,
kowa ya kama gabansa.

Na yanko madadinta daga rediyon uwata,
wanda ba ya kama komai sai shuuu.
Baba ya riƙe tocila da hagu,
na ɗaure, na mayar da murfi.

Da asuba muka hau Monsarate, mu biyu.
Ta wuce mangwaron ba ta ko tari ba.
A can sama, teku na buɗe ido,
Baba ya shafa kujera ya ce,
"Motar wa ce wannan? Tana da kyau."

Ban kashe inji ba.
Na ja birki, na zauna,
na ba shi minti goma, sha biyar,
ina sauraron shidan nan suna bugawa bi da bi,
har ya gyara zama ya ce,
"Silo ɗinta ya yi sama, yarinya.
In mun koma gida ki rage."