Rabin Giram

Daren Alhamis a Igualada,
ƙarƙashin gidan burodin Bernat,
titin roba mai layi shida yana jira,
ni kuwa sikeli ne a gabana.

Doka ta ce gangar mota giram sha takwas,
tayoyi su ɓuya in an leƙo daga sama.

Ta Meritxell ta wuce.
Ta Arnau na mayar masa:
ya kankare cikinta har haske na ratsawa.
Ya sosa ƙeya, an kama shi dumu-dumu.

Sai tsoho Quim ya kwance hankici.
Shuɗiya, lamba tara, fenti ya dusashe,
ƙaninsa ya shafa shi shekarar da ya rasu.
Na ɗora. Allura ta yi rawa, ta tsaya.
Saura rabin giram.

Tsit, sai ƙugin lantarki.
In na kau da kai,
me zan ce wa Arnau?

Meritxell ta zare ɗan kunnenta,
ta manna shi a cikin rufin.
Sha takwas cif.
Na duba takarda sau biyu,
ba ta ce komai kan azurfa ba.

Quim ya zo na biyar.
Har yanzu kunnenta ɗaya ba kowa.