Kwalin Takalmi Mai Huda Takwas

Shida na sayo ranar Lahadi a zauren masu tsuntsaye na Roeselare,
aka zuba mini su a kwalin takalmi mai huda takwas.
Mai sayarwa ya ce, "Dubi idonsu, Odiel, tamkar an wanke."
Na duba. Na biya. Ko tayi ban yi ba.
A jirgin ƙasa kwalin na kan cinyata,
ƙananan farata na karce shi daga ciki
kamar yayyafi a kan kwano.

Da Godelieve na nan da ta ce, "Keɓe su tukuna,
su yi wata guda a ɗakin wanki, mu ga kamun ludayinsu."
To, Godelieve na bayan coci, shekara biyu ke nan,
ni kuma ɗoki ya rufe mini ido.
Na buɗe ƙofar raga na sake su cikin na gida.

Litinin suka ci gero, suka yi wanka a faranti,
suka fantsama mini ruwa a tabarau.
Na yi dariya ni kaɗai a lambu
har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Talata da asuba ɗaya ta sauko ƙasa.
Ta hura gashi ta zama dunƙule,
kai a cikin fiffike, wutsiya na bin numfashi sama da ƙasa.
Na ɗauke ta. Ba ta gudu ba, abin da ya tsorata ni ke nan.
Ƙashin ƙirjinta a yatsana kamar bakin wuƙa.
Shekara talatin da bakwai ina auna yis a gidan burodi,
hannuna ya san nauyin abin da bai kai komai ba,
amma wannan ta fi komai rashin nauyi.
Kafin kofi ya huce ta miƙe ƙafa.

Laraba biyu.
Na kunna fitilar ɗumi, na rataya bargo a raga,
na kwana a kujera da kwat a jikina.
Tsuntsu ba ya nishi, ba ya kiran sunan kowa.
Yana ɓoye ciwonsa har ranar da ya faɗo.

Likita Maertens ta sa kashinsu a ƙarƙashin madubi,
ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Da shi suka zo, hanya da sanyi suka tashe shi.
Ka keɓe su?"
Na dubi hulata.
Ta ba ni garin magani, rabin cokali a lita guda.

Juma'a ciwon ya tsallaka wurin na gida.
Ya tarar da kanarin Godelieve, tsoho mai yatsa a karkace,
wanda ke amsa mata idan ta buɗe famfo.
Shi bai sauko ƙasa ba.
A kan sandarsa na same shi, ya jingina da waya,
sai ka ce mai jiran bas.

Jikata Fien ta zo da cokalin miya,
muka haƙa rami a gindin bishiyar fiya.
Ta ce, "Kaka, a jere za mu sa su ko a tare?"
Na ce a tare, ƙasa na da sanyi.
Kanarin kaɗai na naɗe a hankicin da ke aljihun rigar girkinta.

Na ƙone sanduna, na kankare daɓe da ruwan zafi
har fatar hannuna ta yi fari.

Cikin shida ɗaya ya rage, ƙaramin namiji mai jan baki.
Yana ɗakin wanki yanzu, inda ya kamata tun farko.
Jiya injin wanki na juyawa, sai na ji ya gwada murya,
siririya, tana yankewa.
Na tsaya a ƙofa da kwandon kaya a hannu.
Ban san ko haushinsa nake ji ba.
Na canja masa ruwa.