Sawu a Dutsin Adar

Mun bar Tawa kafin ladan ya gyara murya,
mu uku a bayan motar albasa:
ni da tsoho Nomau da Illiya, ɗan ƙanwata.
A hanyar Kaita direba ya sauke mu,
ya dubi adakar Nomau, ya dubi furfurarsa,
ya ce, "Allah ya maido ku da ƙafafunku."

Jikka a baya:
gumba, dabino, gishiri a ƙullin leda,
butar shayi mai baƙin gindi,
bargo ɗaya da asu ya riga mu ɗanɗanawa,
da jarkar ruwa mai yi mini gulma a kafaɗa
duk takun da na yi.

Sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
To ga ni nan, ɗan Arzika maharbi,
shekara ashirin ina kwance ƙarƙashin motocin mutane,
yau ina hawan dutse da hannu da gwiwa,
rema na leƙo ni daga tsagi
kamar ta san ubana.

Nomau ba ya gani sosai yanzu.
Yana ta rufe masa idon hagu, na dama ma ya kama hanya.
Amma a bakin kwazazzabo ya durƙusa,
ya shafa ƙasa da yatsu uku.
"Barewa ce. Jiya da la'asar ta wuce."
Illiya ya dube ni.
Sawun akuya ne, ga kashinta ma can gindin anza.
Na take masa ƙafa,
ya haɗiye maganar da miyau.

Da dare muka raɓa jikin wani fa mai sauran zafin rana.
Itacen geza ya kama, shayi ya tafasa sau uku.
Dila ta yi kuka, wata ta amsa daga ƙetare.
Nomau ya kirga tsaunuka da sunayensu cikin duhu,
ya ce nan ne Arzika ya karye a shekarar fara,
ya goya shi har gari, shi da naman duka.
Ban taɓa jin wannan ba.
Ubana ya ce mini daga kan jaki ya faɗo.

Kwana na biyu: ƙaya, ƙishi, fakara ɗaya da ta tsere.
Ruwa ya koma rabin jarka.
Illiya ya daina neman layi a wayarsa.

Asubahin na uku, gamzaki bai gama dushewa ba,
na fita kama ruwa, sai na gan ta
a kan tudu, tsakanin aduwa biyu,
siririya, kunnuwa a tsaye,
ja kamar tukunyar da aka fiddo daga wuta.
Na koma da rarrafe, wannan karon da gangan.
"Baba Nomau, ga ta."
"Nawa ne?"
"Ɗaya."
Ya yi shiru. "Da garke ne."

Ya miƙo mini adaka.
Na ɗora ta a kan dutse, na riƙe numfashi,
zuciyata na bugawa kamar injin da ya sha iska.
Na ja kunama.
Ƙyas.

Kafin in ɗaga kai, tudu ya koma tudu.

Tsoho yana dariya har da tari.
Albarushin yana Tawa, a gwangwanin madara,
ƙarƙashin gadonsa.
"Faɗa mini yadda ta yi tsalle," in ji shi.
Na faɗa.
"Sake faɗa. Kada ka yi sauri."

Mun sauko da jikka sakayau.
Illiya na gaba da bindiga,
hannun Nomau a kafaɗata, inda jarka ta ci.
A wajen sawun akuyar nan ya tsaya,
ya shafe shi da gefen takalminsa.