Sukurori Goma Sha Ɗaya

A Valparaíso, a ɗakin saman Evaristo,
inda warin gam ya rinjayi iskar teku,
na kwantar da jitar lantarkin yayana
kamar mai kai majinyaci asibiti.

Garkuwar ƙirjinta ta tsage,
farar robar ta koma launin haƙorin tsoho.
Dattijon ya sassauta tsirkiya shida,
ya miƙo min sukudireba: "Ke za ki kwance."

Sukurori goma sha ɗaya.
Na jera su a murfin kwalbar zuma.
Na tara ya ƙi, tsatsa ta cinye kansa,
gumin Nibaldo ne, na dare dubu a bakin tashar jiragen ruwa.
Sai da muka ɗiga masa mai, muka ba shi haƙuri.

Da na ɗaga garkuwar, ashe jitar ja ce!
Ja wur, kamar ranar da ya sayo ta.
Rana ta koɗar da sauran jikin, nan ne ba ta kai ba.
Wayoyi a cukurkuɗe, gashin kyanwa,
da tikitin bas na Quilpué.
Wa ya sani a Quilpué?

Sabuwar baƙa ce, sumul, ba ta san kowa ba.
Ramuka goma sun dace.
Ɗaya ya kauce da faɗin ƙwayar shinkafa.
Evaristo ya ɗauko abin huji. Na ce, "Bar shi."

Tsohuwar tana aljihun rigar sanyina.
A hanya, babban yatsana yana ta bin kwarmin
da farcensa ya haƙa
ƙarƙashin tsirkiyar ƙarshe.