Yatsu Nawa?

A Pontypool ruwa ya kwana yana ƙwanƙwasa taga.
Emrys ya tashi da duku-duku, ya ɗaura takalmin wasa,
ya ce, "Glenys, ina jakata? Mota za ta bar ni."
Motar ta tafi shekara talatin da ɗaya ke nan.

Na san shi yana tsaga maza a filin zari-ruga,
wuya kamar turmi, kunnuwa duk sun murɗe.
Ranar Asabar kai ya gamu da kai,
ƙas! har mu na can baya mu ji.
Ya zube. Mai soso ya rugo da bokiti,
ya matse masa ruwan sanyi a ƙeya,
ya ɗaga hannu: "Yatsu nawa?"
"Uku." Biyu ne.
Aka ce namijin duniya, koma.
Ni ma na tafa. Wannan tafin ne ke hana ni barci.

Yanzu gidan duk takardu na manna:
a jikin buta, kashe wuta,
a bayan ƙofa, nan ne gidanka.
Zai faɗa maka ci nawa aka tashi a wasan tamanin da uku,
wa ya miƙo masa ƙwallo, ta ina iska ke kaɗawa,
amma jiya makullinsa ya kwana a firji.
Ya hasala, ya fasa faranti,
ya durƙusa yana tsincewa yana kuka,
mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Likita ta ce ba duka ɗaya ba ne,
ƙananan ne, waɗanda ba wanda ya ƙirga.
Tabbaci kuwa sai bayan rai, in an buɗe an duba.
Da kansa ya sa hannu a takardar,
har da dariya: "Su ɗauka, na kwana biyu ban more ta ba."

Ashe jifa ce. Da ta yi nisa
muka ɗauka ba za ta faɗo ba.

Da yamma jikanmu Gethin ya shigo, laka har gwiwa,
wai an sa shi a sahun gaba.
Emrys ya nemi sunan, sunan ya ɓuya.
Sai ya tallabi kan yaron da hannu biyu
kamar kwano cike fal da madara,
bai ce komai ba,
bai saki ba,
har shayi ya huce.