Shuɗin Kunne

Ƙarfe huɗu na asuba a Oke-Aro,
kafin motar haya ta farko ta yi tari a titi,
Farar Uwa ta riga ta.
Tari busasshe, kamar ana jan buhun dusa a kan siminti.

Shekara shida ina wanke ɗakunan aladun nan
tun da na sauko daga Zonkwa da jaka ɗaya.
Na san numfashin kowace.
Wannan ba nata ba ne.

Ranar Laraba ta haihu, saura kwana tara lokacinta.
Goma sha ɗaya.
Huɗu baƙaƙe, a ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa,
biyar sun iso da sanyinsu,
biyu suka yi motsi har rana ta take, suka fasa.
Kunnenta ya rine kamar an tsoma a baba.

Dokta Omolabake ta zo da takalmin roba da akwatin ƙanƙara,
ta ɗebi jini, ta wuce.
Bayan mako uku sai ga ta da takarda
mai zanen bishiya a kwance, ba ganye, sai rassa da lambobi.

Ta ce, abin nan kwafar kansa yake yi,
kuma bai iya kwafa ba.
Kamar ɗan aji mai satar amsa cikin duhu,
kowane shafi da kuskurensa,
kuskuren kuwa shi ne sabuwar rigarsa.
Jiki na tsaye yana jiran ɓarawon jiya,
sai ya gaishe shi ya shige da wata fuska.

Ta ɗora yatsa a wani reshe: naku ke nan.
Na kusa da shi, wata gona ce a Ikorodu.

Na yi shiru.
Na tuna namijin da muka aro a watan Yuni.
Mama Titilope ta biya, amma ni na zaɓo shi,
ni na ɗaure shi a bayan akori-kura,
ni na ba shi ruwa a Ketu da ya yi haki cikin cunkoso,
har ina yabon faɗin ƙirjinsa.

Yanzu akwai daron ruwan magani a bakin ƙofa,
in tsoma ƙafa in shiga, in tsoma in fita.
Jiya Baba ya kira, ya ce, Shekari, yaya Legas?
Na ce lafiya lau, sai ruwan sama.

Takardar tana ƙarƙashin katifata.
Ina kwance, ina jin tari daga ɗaki na bakwai,
na san bishiyar ba ta tsaya inda biro ya tsaya ba.