Gurbin da Ba a Cike Ba

Ƙarfe biyun dare a Gdańsk,
shayin Bogna ya huce.
Ta ce wa kwamfuta:
daga rajistar maƙeran jiragen ruwa,
jero su bisa ranar ajiye aiki,
in rana ta zo ɗaya, suna ya raba gardama.

Layi uku kacal ta rubuta.
Mutum dubu tara suka bi sahu,
ba turereniya, ba “ni na riga ka.”

Ashe ta manta:
wanda gurbinsa ke fayau shi ke shiga gaba.

Na farko, Kruk Mieczysław, mai walda.
Kakanta.
Ya fita wata Talata da burodi a aljihu,
har yau ba a rubuta ranar tashinsa ba.

Da kalma ɗaya za ta mai da shi ƙarshe.
Ta janye hannunta.